Fuska Nawa Gare Ka a Cikin Waya?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan kusan duk hanya ɗaya suka biyo: waya, da yadda take juya tunaninmu a kan gaskiya da kuma a kan kanmu. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Assalamu alaikum. Malaminmu na nazarin adabi ya ce kafafen sada zumunta su ne fosmodanizim a aikace. Na yi karatu har na gaji, ban kama bakin zaren ba. Don Allah a yi mini bayani da Hausa.
*Ɗalibi a aji uku na jami'a, Zariya*

Wa alaikumus salam. Ba laifinka ba ne, ɗan'uwa, masu wannan tunani sun yi ƙaurin suna wajen rubutu mai sarƙaƙiya. Bari mu kira shi bayan-zamananci, domin ba ya fahimtuwa sai an san zamanancin da ya zo yi wa tawaye.

Tun daga ƙarni na 18 masanan Turai suka riƙe wani alkawari: in dai aka bi hankali da kimiyya da tsari, ɗan Adam zai yi ta cigaba, yau ta fi jiya, gobe ta fi yau. Sai ƙarni na 20 ya zo da yaƙin duniya har biyu, da bam ɗin nukiliya a Hiroshima a 1945, ga mulkin mallakar da aka yi wa rabin duniya da sunan wayar da kai. Kimiyyar da aka ce za ta ceci mutum ita ce ta ƙera makaman hallaka shi. Akwai misali ɗaya da ake yawan kawowa. A birnin St. Louis na Amurka an gina wata unguwa mai suna Pruitt-Igoe a tsakiyar shekarun 1950, benaye 33, kowanne hawa 11, bisa lissafin masana cewa gini mai tsari zai gyara rayuwar talaka. Ba ta cika shekara 20 ba ta zama kango, aka fara rushe ta da nakiya a 1972. Masanin gine-gine Charles Jencks ya ce a ranar ne ginin zamananci ya mutu.

A 1979 majalisar jami'o'in Kebek ta ƙasar Kanada ta nemi Bafaranshen masanin falsafa Jean-François Lyotard ya rubuta mata rahoto a kan halin da ilimi ke ciki a ƙasashen da kwamfuta ta fara mamayewa. A rahoton ne ya ce alamar wannan zamani ita ce mutane sun daina gaskata manyan labarai. Abin da yake nufi da babban labari shi ne bayani guda da ke da'awar ya ƙunshi komai, kamar cigaba ta hanyar kimiyya ko gurguzu. In babban labari ya faɗi, sai ƙanana su cika wurin, kowace jama'a da nata, kowanne da ƙa'idarsa ta abin da ake kira hujja. Wannan shi ne ginshiƙi na farko. Na biyu na Jean Baudrillard ne: hoto ya tsinke daga abin da yake wakilta, har ya fi shi daraja. Na uku kuma shi ne cewa mutum ba dunƙulallen abu guda ba ne, harshe da jama'a da masu iko su ke gina shi, kuma ana iya sake ginin.

To yanzu ɗauki wayarka. A da, labari sai ya bi ta ƙofa. Lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, akwai edita da ke tace abin da zai fita, an san sunansa, an san ofishinsa. Yau sanarwar ma'aikatar lafiya, da saƙon muryar mai tallar magani, da wa'azi, da barkwanci, duk girman akwatinsu ɗaya a allo, babban yatsa ɗaya ke ture su sama. Mai digiri uku da wanda ya buɗe shafi jiya maɓallin aikawa ɗaya suke dannawa. Abin da malaminku ke nufi ke nan, kuma ya yi gaskiya.

Abu biyu za ka kiyaye a takardar jarrabawa. Kada ka rubuta cewa waɗannan masana sun yi magana a kan Facebook: Michel Foucault, wanda shi ma ake lissafawa cikinsu, ya rasu a 1984, Lyotard a 1998, Facebook kuwa sai 2004 aka kafa shi. Mu ne muke aro tunaninsu mu auna abin da ya zo bayansu. Na biyu, kada ka yarda cewa duniyar waya ba ta da cibiya. A ido ne take a warwatse. Kamfanin Meta shi ke da Facebook da Instagram da WhatsApp, Google ke da YouTube, ByteDance ta ƙirƙiro TikTok. Editan bai mutu ba, ya koma lissafin kwamfuta ne, wanda ba ya sa hannu a ƙarƙashin abin da ya zaɓa maka. A ganinmu wannan tunani gwani ne wajen gane cuta, amma ba shi da magani, kamar yadda za a gani a amsoshin da ke tafe.

'Yata mai shekara 17 ba ta yarda a ɗauke ta hoto sai da filta. In aka ɗauka ba shi sai ta ce ta yi muni, har ta fara neman man bilicin. Yaya zan yi da ita?
*Wata uwa, Kano*

Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Kin yi daidai da ba ki ɗauki abin wasa ba.

Baudrillard ya kasa rayuwar hoto zuwa matakai huɗu a wani littafinsa na 1981, kuma matakan sun dace da abin da ke damun 'yarki. Da farko hoto yana nuna abin da ke akwai, kamar hoton fasfo. Sai ya fara ƙawata shi, a gyara haske, a ɓoye ƙuraje. Sai ya fara rufe rashin abin, kamar mai jingina da motar wani a ɗauke shi. A ƙarshe hoton ba ya da alaƙa da kowa: fuskar da filta ke fitarwa ba ta wata mace mai rai ba ce, amma ita ce ta zama ma'aunin da masu rai ke gwada kansu da shi. Yarinyar ba da ƙawayenta take gasa ba, da wata fuska take yi wadda ba a taɓa haifa ba.

Ki zauna da ita ki nuna mata yadda abin ke aiki, domin sihirin da aka ga asirinsa ƙarfinsa raguwa yake. Manhajar tana gano iyakar ido da hanci da haɓa, sannan ta goge ramukan fata, ta ƙara haske, ta tsuke hanci, ta buɗa ido, ta siranta muƙamuƙi. Wayoyi da yawa suna zuwa da wannan gyara a kunne tun daga kamfani, ko ba a zaɓi filta ba. Ku buɗe kyamarar gaba, ku nemi alamar fuska ko ta sandar tauraro, ku mayar da kowane ma'auni sifili. Akwai kuma abin da mutane ba su sani ba: kyamarar gaba da kanta ƙarya take yi. Wasu likitocin gyaran fuska a Amurka sun lissafa a 2018 cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana sa hanci ya ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, in aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga nisan mita ɗaya da rabi. Wato hoton da take kira muninta shi ma ba fuskarta ba ce. Ki ɗauke ta da kyamarar baya, daga taku biyu, a inuwa da hantsi, ku ajiye hotunan uku gefe da gefe ta gani da idonta.

Daga nan sai ku duba waɗanda take bi. Duk shafin da in ta gama kallonsa take jin ta raina kanta, ta daina binsa na tsawon mako biyu ta ga bambanci. Instagram tun 2021 ya ba da damar ɓoye adadin masu danna alamar so, ku kunna. Ki gaya mata har gwamnatoci sun gane illar: Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla in an gyara surar jikin mai tallar, Norwe ta bi sahu a 2022.

Ƙwace waya ba ya aiki, za ta ara a wurin ƙawa, ke kuma ta daina gaya miki komai. Man bilicin kuwa ki tsaya tsayin daka. Da yawansu na ɗauke da sinadarin haidirokwinon ko makuri ko sitiroyid, masu sirantar da fata, su bar tabon da ba ya gogewa, makuri kuma har ƙoda yake taɓawa. In ta fara ƙin cin abinci, ko ƙin fita cikin mutane, ko kwana gaban madubi, wannan ya wuce nasiha, a kai ta wurin likita.

Ina da shafi uku: ɗaya na kasuwanci, ɗaya da dangi ke gani, ɗaya kuma da sunan aro inda nake faɗin ra'ayina. Wani abokina ya ce munafunci ne. Haka ne?
*Mai sayar da yadi, Maraɗi*

Alhaji, yawan fuska ba waya ce ta kawo shi ba. Yadda kake magana a gaban surukinka daban, a majalisar abokai daban, da mai ciniki a shago daban, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan munafunci, kunya da sanin ya kamata ake ce masa. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya bayyana haka tun shekarun 1950, ya kwatanta rayuwa da dandalin wasa mai fage da bayan fage. Da intanet ta zo, Sherry Turkle ta jami'ar MIT ta rubuta a 1995 cewa mutum na iya zama mutane da yawa a lokaci guda, kowanne a tagarsa ta allo. Masu bayan-zamananci sun yi murna da haka, suna ganin 'yanci ne.

Abin da waya ta kawo sabo shi ne rushewar katangu. A gari, zaure daban, tsakar gida daban, kasuwa daban. A Facebook kuwa surukinka da abokin wasanka da mai bin ka bashi duk a ɗaki ɗaya suke, suna jin magana ɗaya. Raba shafi dabara ce ta sake gina katangar, ba aibi a ciki.

Inda aibi yake shi ne nan. Ka tambayi kanka abu uku game da shafin sunan aron. Shin kana da'awar abin da ba kai ba, kamar likita ko malami ko mace, don a yarda da kai? Shin kana faɗin abin da za ka ƙaryata in an tambaye ka ido da ido? Shin akwai wanda kake ci wa mutunci don ka san ba zai iya ramawa ba? In duka amsar a'a ce, lulluɓi ne ka yi. In ɗaya ta zama e, abokinka ya faɗi gaskiya.

Sannan kada ka ɗauka lulluɓin mai kauri ne. Asiri yana tonuwa ta hanyoyin da aka sani. Ka buɗe shafin da lambar wayar da ke hannun mutane, sai manhaja ta riƙa nuna shi ga duk mai lambarka a matsayin wanda wataƙila ya sani. Ka bar ta ta kwashi sunayen da ke wayarka. Ka sa hoto a shafi biyu da labule ɗaya a bayanka. Ko kuma salon rubutunka ya fallasa ka, domin kowa da kalmar da ta kama bakinsa. Gyara shi ne adireshin imel na daban, kashe izinin kwasar lambobi, da duba sunan shafin da kake ciki kafin ka aika komai. Duk da haka, ga kamfanin kai mutum ɗaya ne: waya ɗaya, layi ɗaya, wuri ɗaya. Foucault ya yi dogon bayani a 1975 a kan wani tsarin kurkuku da Jeremy Bentham ya zana, hasumiya a tsakiya, mai gadi na ganin kowa, ba wanda ke ganinsa. Fuskokinka uku mutane kawai suke rikitawa, hasumiyar ba ta rikicewa.

Na ji wani yana cewa yanzu kowa da gaskiyarsa, babu gaskiya guda. In haka ne, ta yaya zan gane labarin ƙarya a waya?
*Malamar firamare, Gusau*

Malama, a nan ne muke rabuwa da masu wannan tunani, ko aƙalla da masu yi masa gurguwar fahimta. Abin da suka faɗa mai amfani shi ne: duk mai ba da labari a wani wuri yake tsaye, yana da buƙata, don haka a tambayi wane ne ya faɗa, kuma me zai samu. Da wannan makami ne masana irin su Edward Said suka tona yadda Turawa suka rubuta tarihin Gabas yadda ya dace da mulkinsu. Amma daga "kowa da inda yake tsaye" zuwa "babu abin da ya faru" akwai tazara mai nisa. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum 2 suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Gishirin bai tambayi ra'ayin kowa ba. A 2018 ma ji-ta-ji-tar cewa an sauya shugaban ƙasa da wani Jubril daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da Muhammadu Buhari ya fito da kansa, a ƙasar Foland a watan Disamba, ya ce shi ne dai ba wani ba.

Ƙarya ta fi gaskiya sauri, kuma an auna. Masu bincike a MIT sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka tarar labarin ƙarya ya fi samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin 100, gaskiya kuma tana ɗaukar ninki shida na lokaci kafin ta kai ga mutum 1,500. Dalili shi ne ƙarya sabuwa ce kullum, mai ƙirƙirarta yana da damar ɗinka ta daidai da tsoronki ko fushinki.

Hanyar tantancewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, malaman hadisi kuma suka kasa binciken gida biyu, isnadi da matani. Ki yi haka nan.

Isnadi tukuna: wa ya fara faɗa? In saƙon WhatsApp na ɗauke da kibiya biyu a samansa, ya ratsa hannaye da yawa, asalinsa ya ɓace. Saƙon muryar da ba suna, ba gari, ba rana, sai "wani ɗan'uwanmu da ke aiki a can", isnadinsa yankakke ne. Shuɗiyar alamar tantancewa ma ta rage daraja: tun Nuwamban 2022 ake sayenta da kuɗi a Twitter, wanda yanzu ake kira X, kuma a makon farko wani ya saye ta da sunan kamfanin magani na Eli Lilly ya sanar cewa insulin, maganin ciwon sukari, ya zama kyauta. Ki shiga shafin ki ga yaushe aka buɗe shi, me yake wallafawa watanni shida da suka wuce.

Sai matani. Hoto ne ya fi yaudara, domin mun taso da cewa gani ya kori ji. Hotunan ƙarya da yawa ba ƙirƙirarsu aka yi ba, tsofaffi ne na wata ƙasa aka sauya musu labari. Ki adana hoton, ki buɗe Google Lens ko TinEye, ki ɗora shi, ki nemi mafi tsufan wurin da ya fito. In bidiyo ne, ki tsayar da shi a wuri uku ki ɗauki hoton allo, ki bincika kowanne. Ki duba lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, gefen da motoci ke bi a titi, da yanayi: an ce jiya ne a watan Janairu, ga ciyawa kore shar da laka. Hotunan ƙirƙirarriyar basira kuma, irin na Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi da ya ruɗi duniya a Maris 2023, a da ana kama su ta yatsu da rubutun da ba ya karantuwa. Wannan alamar tana gushewa, don haka kada ki dogara da ido kaɗai, ki koma ga isnadi. Babban abu in ya faru da gaske, kafa biyu ko uku masu ofishi da suna za su kawo shi cikin sa'o'i kaɗan. Ƙungiyoyin Dubawa da Africa Check aikinsu ke nan, tantance irin waɗannan labarai.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne turawa tare da rubuta "ko gaskiya ne?" Tambayar tana faɗuwa a hanya, labarin ya ci gaba da tafiya.

Me ya sa TikTok ke nuna mini abu iri ɗaya kullum, alhali ƙanena abin da yake gani daban ne?
*Ɗan acaɓa, Jos*

Domin ba duniya yake nuna maka ba, ɗan'uwa, kai yake nuna maka. Manhajar tana ƙirga daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ka maimaita, wanne ka tura, wanne ka yi wa sharhi. Ba ta san bambancin so da ƙi ba. In ka tsaya ka zagi mai bidiyo, ita dai ta ga ka tsaya, gobe ta ƙaro maka irinsa. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar daga kamfanin a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar a inda alamar so ke da ɗaya. Abin da ke tunzura mutane shi ke hawa sama. Haka kai da ƙanenka, a ɗaki ɗaya, kowa ke zaune a ƙasarsa, kowa na ganin ai duk duniya ra'ayinsa take.

Ana iya sake tarbiyyarta. Abin da ba ka so, wuce shi nan take ba sharhi, ko ka danne allon ka zaɓi cewa ba ka sha'awa. A cikin saiti akwai wurin sabunta shafin gaba ɗaya ya koma kamar sabo. Ka bi shafi biyar na mutane masu hankali waɗanda ba ku yi ra'ayi ɗaya ba, ka riƙa kallonsu har ƙarshe. Cikin kwanaki za ka ga sauyi, amma in ka koma tsohon hali ita ma za ta koma.

An kwafi littafina da nake sakewa kashi-kashi a WhatsApp, an sauya sunan taurarin an sa na wata. Da na yi magana sai wani ya ce ai masana sun ce marubuci ya mutu.
*Marubuciya, Katsina*

'Yar'uwa, ya ji ƙarar ganga ne bai ga makaɗi ba. Abin da Bafaranshen masanin adabi Roland Barthes ya rubuta a 1967 shi ne ma'anar rubutu ba ta tsaya ga niyyar marubuci ba, mai karatu ma yana da rabo. Bai ce a sace ba, shi kansa da sunansa ya buga. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 haƙƙinki ya tabbata tun lokacin da kika rubuta, ba sai kin yi rajista ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ki aika wa kanki kowane babi ta imel kafin ki sake shi don kwanan wata ya zauna, ki ajiye rubutun farko, ki ɗauki hoton allon inda aka wallafa na satar da ranarsa. Da waɗannan za ki kai ƙorafi ga dandalin da aka ɗora shi, ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka.

Ni ne admin na zauren tsofaffin ɗalibai, mu kusan 600. Kullum faɗa a kan siyasa da aƙida, masu hankali suna ta ficewa. Mece ce mafita?
*Ma'aikacin gwamnati, Bauci*

Yallaɓai, abin da Lyotard ya hango ne ya same ku a ƙaramin wuri: mutane da yawa a ɗaki guda, kowane rukuni da abin da yake karɓa a matsayin hujja, ba alƙalin da duka suka yarda da shi. Wannan ya kawo aya, wancan ya kawo ƙididdiga, na uku ya kawo bidiyo, kowa na ganin ya gama magana. Irin wannan musu ba ya ƙarewa da hujja, sai da ƙa'ida.

Fara da lissafi. Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya lura a 2006 cewa a yawancin zaurukan intanet kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, 9 na magana jefi-jefi, 1 ne ke cika wurin. Kiyasi ne, amma gwada shi: a cikin 600 ɗinku, mutum shida zuwa goma ne ke hura wutar. Ka ƙirga saƙonnin kwana uku, za ka san su da suna. Kira kowanne a waya, kada ka yi masa faɗa a zaure, domin wanda aka kunyata gaban jama'a ba ya ja da baya.

Sannan ku rubuta manufar zauren a layi ɗaya, da ƙa'idoji da ba su wuce biyar ba, ku liƙa a bayanin zaure. Ƙa'idar ta zama a kan aiki, ba a kan ra'ayi ba: ba zagi, ba tura saƙon da ba a san asalinsa ba, ba hoton gawa, ba talla sai ranar da aka ware. Hukunci ya zama sananne tun kafin a yi laifi: gargaɗi a keɓe, sai cirewa na mako guda, sai sallama. Admin su zama uku ko biyar, daga ɓangarori daban-daban, kuma kada admin ya yanke hukunci a musun da yake ciki. Abin da ya fi kashe zaure shi ne a hukunta na wancan gefe a ƙyale na wannan, ko sau ɗaya ne.

Ku raba ɗakuna. WhatsApp na da tsarin al'umma da ke haɗa zauruka a ƙarƙashin inuwa ɗaya: na sanarwa inda admin kaɗai ke rubutu, na zumunci da gudummawar biki da rasuwa, sai na muhawara ga mai so. In wuta ta tashi da dare, ka mayar da zauren admin kaɗai ke aikawa na sa'a 12, ka faɗi dalili da lokacin buɗewa. Ka kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shiga, ka sauya mahaɗin gayyata duk lokacin da ya fita waje.

Hatsarin ƙarshe ba na musu ba ne. Ɓarayi kan kira ɗan zaure su ce za a yi taro ta intanet, ya karanto musu lamba shida da aka turo masa. Da ya faɗa sun ƙwace layinsa na WhatsApp, su shiga roƙon kuɗi da sunansa da hotonsa, mutane kuma su tura, don sun ga fuskar da suka sani. Ka umarci kowa ya kunna tabbaci mai mataki biyu a cikin saiti, ya sa lambar sirri da imel. Wanda aka ƙwace wa, a cire lambarsa daga zaure nan take, a sanar da jama'a, shi kuma ya sake rajistar layin da sabuwar lambar da za a turo masa. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai mai layin ya jira kwana 7 kafin ya iya shiga. Duk roƙon kuɗi da ya shigo zaure, ko daga wa ya fito, a kira mai shi a ji muryarsa kafin a tura ko sisi.